Ƙirjin Yaro Na Kuka Da Dare: Abin Da Ya Kamata Uwa Ta Sani Game Da Asma

  Yau za mu yi magana a kan ciwon asma da magungunansa, da kuma wani ciwon huhu na gado wanda yakan yi kama da asma har ya ruɗi mutane.

Duk wadda take zaune a Rigachikun, ko Mararrabar Jos, ko Kawo, ta san abin da ake ciki daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar hunturu takan kwaso ƙura tun daga hamadar ƙasar Cadi ta zo ta lulluɓe gari, har rana ta yi fari fat kamar faranti. Ga hayaƙin manyan motocin da ke bin hanyar Kaduna zuwa Zariya dare da rana, ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, ga ƙunar daji, ga kuma wutar da muke hurawa cikin ɗaki don jin ɗumi. A wannan lokaci ne ƙirjin yara da yawa yake soma kuka da dare.

Ga yadda abin yakan kasance. Yarinya 'yar shekara tara ta kwanta lafiya lau. Can wajen ƙarfe uku na dare sai uwa ta ji tari, busasshe, ba ya tsayawa. Ta haska fitila ta ga yarinyar a zaune ta dafa gwiwoyi, kafaɗu suna hawa suna sauka, ƙirjin yana wani fito siriri kamar ana busa usur. Uwa ta shafa mata man zafi, ta ba ta maganin tari cokali biyu. Kafin hantsi abin ya lafa, har ta tafi makaranta. Bayan kwana huɗu ya dawo. A karo na uku aka kai ta asibiti, likita ya saurari ƙirjin ya ce asma ce, ya rubuta inhela guda biyu, watau ɗan gwangwanin nan mai bakin roba da ake fesawa cikin baki a shaƙa.

Da suka dawo gida sai kakar yarinyar ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan abin za ki riƙa cusa wa jikata a baki? Ai wanda ya fara shi ba ya dainawa har kabari. Sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake ba shi wannan."

Uwar ta ce, "Inna, ai likita ne ya rubuta."

"Likita ya fi ni sanin jikata? Ajiye shi, a samo mata zuma da citta."

Kunya ta hana gardama, aka jefa inhela cikin kwalla aka rufe. Mako biyu bayan haka ga su tsakar dare a bakin titi, yarinya a kafaɗar ubanta, ana neman motar da za ta kai su asibiti cikin gari.

Kakar nan ba mugunta ta yi ba, abin da ta ji ana faɗa shi ta faɗa. Amma maganar ba daidai ba ce, kuma irinta tana jawo hasarar rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 262 ne suke da asma a duniya, 455,000 kuma suka mutu ta dalilinta. Yawancin waɗanda suka mutu kuwa a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu suke, inda ba a gane ciwon da wuri, ko kuwa maganin da ya dace bai kai ga mai ciwon ba.

MECE CE ASMA?

Ki ɗauki huhu kamar bishiyar da aka kifa. Maƙogwaro shi ne gindinta, daga nan ya rabu rassa-rassa, suna ta ƙanƙancewa har su zama sirara kamar zare. Ta cikin waɗannan rassa iska take shiga take fita. To, a wurin mai asma cikin rassan nan a kumbure yake, ya yi ja, ba ya son a taɓa shi. Da ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura ya taɓa shi sai abu uku su faru. Kumburin ya ƙaru, majina ta taru, sa'an nan naman da ya zagaye hanyar ya matse kamar an ɗaure bakin buhu. Iskar da take kutsawa ta wannan ɗan matsatsin wuri ita ce fiton da kike ji.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, kumburin nan yana nan ko da ranar da yaro yake guje-guje lafiyarsa ƙalau. Garwashi ne ƙarƙashin toka, iska kawai yake jira.

Asma ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, saboda haka ba a ware wa mai ita kwano ko moɗa. Takan bi dangi, musamman gidan da ake yawan atishawa da ƙaiƙayin ido da na fata. Ba sammu ba ne, ba kuma shafar aljanu ba ce. Tsofaffinmu sukan haɗa duk ciwon ƙirji su ce fuka, amma asma dabam, tarin fuka dabam, kuma maganinsu bai haɗu ko kaɗan ba.

MAGANIN IRI BIYU NE

Na farko shi ne mai buɗe hanya. Sunansa salbutamol, mutane sun fi saninsa da Ventolin, kuma galibi robarsa shuɗiya ce. Aikinsa ya saki naman nan da ya matse. Cikin 'yan mintoci numfashi yake sauka, aikin kuma ya ɗauki kamar awa huɗu. Amma fa ba ya taɓa kumburin ko kaɗan. Ya kashe harshen wuta ne ya bar garwashin.

Na biyu shi ne mai rigakafi. Za ki ga an rubuta beclomethasone, ko budesonide, ko fluticasone a jikinsa, robarsa kuma sau da yawa ruwan ƙasa ce ko ruwan lemo. Kada ki dogara da launi kaɗai, domin kowane kamfani da irin nasa, ki sa a karanta miki sunan. Wannan shi ne yake kwantar da kumburin. Ana shaƙarsa safe da yamma, kullum, ko yaro yana tari ko ba ya yi. Ba a jin aikinsa nan take, sai an yi mako ɗaya ko biyu. A nan ne iyaye mata da yawa suke kuskure. Sukan ce shuɗin yana aiki, wancan kuwa ba ya komai, sai su ajiye shi. Alhali kuwa wanda aka ajiye ɗin shi ne yake hana tashin tsakar dare, shi ne kuma yake rage mutuwa.

Akwai kuma waɗanda aka haɗa magani biyu cikin inhela ɗaya, kamar Symbicort da Seretide. Tun shekarar 2019 ƙungiyar likitocin duniya mai tsara yadda ake kula da asma, wadda ake kira GINA, ta daina ba da shawarar a bar babban mutum ko saurayi ko budurwa da shuɗin kaɗai. Ta ce ya kamata kowannensu ya samu maganin kumburi a tare. Idan ke ko ɗanki kuna bukatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari yana ta da ku da dare, ko kuna ƙarar da gwangwani uku a shekara, to ciwon bai kwanta ba, sai ku koma wurin likita.

Ku 'yammata, ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Tambayar wata yarinya 'yar shekara 13 ce ta haifar da inhela. Tana da asma, ubanta kuwa, George Maison, shi ne shugaban wani kamfanin magani a Amurka mai suna Riker. A lokacin da wata 'yar kwalba mai famfon roba ake shaƙar magani, ga wuyar aiki ga saurin fashewa. Sai ta tambaye shi me ya hana a zuba maganinta cikin gwangwani irin na feshin gashi. Uban ya kai maganar wurin ma'aikatansa, a shekarar 1956 inhela ta farko ta fito kasuwa. Ventolin ya biyo baya a Ingila a 1969, mai rigakafi na beclomethasone kuma a 1972. Ashe ke nan maganin da ake tsoro a gidajenmu ya fi shekara hamsin ana amfani da shi a duniya.

TSORON DA AKE JI

Masu cewa inhela tana kama jiki kamar taba ko goro sun yi kuskure. Babu abin sa maye a cikinta. Mutum yakan daɗe yana amfani da ita domin ciwon ne mai daɗewa, kamar yadda mai hawan jini yake shan ƙwayarsa kullum. Yara da yawa ciwon yakan yi musu sauƙi in sun girma, likita ya rage maganin ko ya tsayar.

Masu cewa sai ciwo ya yi tsanani ake ba da ita, su ma ba haka ba ne. Ita ce ma matakin farko. Maganin da aka haɗiya sai ya bi ciki, ya shiga jini, ya zaga jiki duka kafin ɗan kaɗan ya kai huhu. Wanda aka shaƙa kuwa kai tsaye yake sauka inda ciwon yake, don haka abin da ke cikin feshi ɗaya ɗan mitsitsi ne in an gwada da ƙwaya. Shi ya sa rawar hannu da bugun zuciya suka fi yawa ga mai shan ƙwaya ko ruwan salbutamol.

Mai ciki da mai shayarwa kada su ajiye inhelarsu. Ɗan da ke ciki da numfashin uwarsa yake rayuwa, in ta rasa iska shi ma ya rasa. Da azumi kuma, tun da mai rigakafin sau biyu ne a rana, ana iya shaƙa da sahur da kuma bayan shan ruwa.

Abu ɗaya da za a kiyaye, bayan an shaƙi mai rigakafi a kurkure baki da ruwa a tofar, don kada fararen ƙuraje su fito a harshe ko murya ta dushe.

YADDA AKE SHAƘA, DA DABARAR GORAR ROBA

Mutane da yawa suna da inhela amma maganin a harshe yake tsayawa. Ga yadda babba zai yi. Ya cire murfi ya girgiza, ya fitar da numfashi, ya kama bakin da leɓɓansa, ya soma jan iska a hankali yana danna gwangwanin sau ɗaya, ya ci gaba da ja har ƙirji ya cika, sa'an nan ya riƙe numfashi ya ƙirga goma.

Yaro ba zai iya haɗa dannawa da ja a lokaci ɗaya ba, manya ma da yawa ba su iyawa. Domin haka ake sayar da wani bututu da ake sawa tsakanin inhela da baki, maganin ya taru a ciki yaro ya shaƙa a hankali. In ba ki samu ba, ko kuɗinsa ya fi ƙarfinki, gorar roba ta lemo ko ta ruwa mai rabin lita ta isa. Wata likitar yara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, Heather Zar, ita da abokan aikinta sun gwada wannan dabara a kan yara masu asma, suka buga sakamakon a shekarar 1999, suka nuna gorar tana aiki daidai da bututun kanti.

Ki wanke gorar da ruwan sabulu ki bar ta ta bushe da kanta, kada ki goge cikinta da tsumma. Ki huda gindinta daidai girman bakin inhela, ki cusa bakin ya zauna daram ba inda iska take fita. Yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, ki danna sau ɗaya, ya yi numfashi biyar ko shida a ciki. In za a ƙara sai ki sake girgizawa ki sake dannawa. Kada ki fesa biyu ko uku a haɗe. Jariri da yaron da bai kai shekara uku ba sai da ɗan marufin da yake rufe hanci da baki. Kafin ki bar asibiti ki roƙi malamar asibiti ta gwada miki, ke ma ki yi a gabanta ta gani.

IN CIWON YA TASHI DA DARE

Ki zaunar da yaro, kada ki kwantar da shi. Ki fitar da shi daga inda hayaƙi yake, ki kwantar masa da hankali, domin tsoro yana ƙara matse ƙirji. Ki ba shi shuɗin ta cikin gora, feshi ɗaya bayan ɗaya. Yaron da bai wuce shekara biyar ba feshi 2 zuwa 6, wanda ya wuce haka ko babba feshi 4 zuwa 10. Ana iya maimaitawa bayan kowane minti 20 har awa ɗaya.

Amma in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, kada ki jira gari ya waye. Yaro ya kasa ƙarasa magana, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko fatar tsakanin haƙarƙari da ta ƙasan wuya tana lotsawa, ko harshe da cikin leɓe sun yi duhu, ko ya yi lis yana gyangyaɗi. Haka kuma in fiton ya ɗauke alhali yaro yana ta haki, wannan ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina shiga. Ku kama hanyar asibiti kuna ci gaba da fesa masa a mota. Mutanen Rigachikun suna da asibitin koyarwa na Barau Dikko a cikin Kaduna, da kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, amma a irin wannan dare wanda ya fi kusa shi ne naki. Tun da rana ya kamata ki yi magana da maigida ku san motar wa za a nema.

ABIN DA BA YA MAGANIN ASMA

Ruwan maganin tari ba ya buɗe hanyar iska. Mai kodin ma haɗari ne, domin yana danne numfashi yana kuma sa maye, shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a shekarar 2018. Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ma ba su taɓa asma sai in akwai wani ciwo a tare. Zuma da citta suna laushin maƙogwaro, babu laifi a sha, amma ba za su maye gurbin inhela ba.

Sai kuma ƙwayar prednisolone da dexamethasone. Likita yakan ba da su na kwana uku zuwa biyar in ciwo ya tashi da ƙarfi, kuma suna ceton rai. Amma wadda ta mayar da su abin saye a kemis tana sha wata da watanni, ko don asma ko don neman ƙiba kamar yadda wasu mata suke yi, tana sayen ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi da kuɗinta. Waɗansu masu asma kuma asfirin da ibuprofen suna ta da musu ciwon, saboda haka duk inda za a rubuta miki magani ki faɗa kina da asma.

GYARAN GIDA

Na san turaren wuta adon ɗakin mace ne, amma in akwai mai asma a gida ki turara ɗaki sa'ad da ba ya nan, ki buɗe taga hayaƙin ya fita kafin ya shigo. Maganin sauro na ƙonawa da na fesawa a bar su, a kwana cikin gidan sauro. A yayyafa ruwa kafin a yi shara. A riƙa shanya katifa da matashi da bargo a rana. Kada a kwana da garwashi cikin ɗaki a rufe. Maigida mai shan taba ya sha a waje. Da hunturu yaro ya rufe hanci da baki in zai fita da sassafe.

Ke kanki uwargida, ki dubi murhunki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki cikin gida ya kashe mutane wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Macen da ta shekara talatin tana hura ɗanyen itace a madafin da ba taga takan wayi gari da tari da haki kamar tsohon mashayin taba, alhali ba ta taɓa riƙe kara ɗaya ba. Wannan ciwon toshewar huhu ne. Ana rage wahalarsa da inhela, amma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ki yi girki a sarari, da busasshen itace, kuma ki sauke goyo nesa da hayaƙi.

IN BA ASMA BA CE FA?

Ba kowane tari ne asma ba. Tarin da ya kai mako biyu, da rama da gumin dare, a je a gwada kaki don tarin fuka. Gwajin da maganin na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma babbar cibiyar koyar da aikin tana nan Saye kusa da Zariya. Ƙaramin yaro mai zazzaɓi da saurin numfashi kuwa, watau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata biyu zuwa shekara, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ana zaton namoniya ce, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai kuma wani ciwo da ba a cika jin sunansa a nan ba, Turawa suna kiransa sistik faiburosis. Gadonsa ake yi kamar sikila. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, su kansu lafiyarsu lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya fito da ciwon. Saboda haka auren zumunci yana ƙara yiwuwarsa. Ya fi yawa cikin Turawa, kamar jariri ɗaya cikin 2,500 zuwa 3,000. An daɗe ana zaton babu shi cikin baƙar fata, amma an same shi a ƙasashen Afirka, kuma likitoci suna ganin yara da dama ana ɗaukar nasu tamowa ce ko tarin fuka har su rasu ba a gane ba.

A jikin kowane mutum akwai waɗansu 'yan ƙofofi, ido ba ya ganinsu, da gishiri da ruwa suke bi su tsinka majina. A wurin mai wannan ciwo ƙofofin ba su aiki, sai majinar ta yi kauri kamar ƙaro, ta toshe huhu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, kumburi ya yi ta cin huhun. Tana kuma toshe hanyar ruwan da yake narkar da abinci. Alamunsa su ne tari mai kaki tun yaro yana jariri, ciwon ƙirji a kai a kai, cin abinci da yawa ba ƙiba, da kashi mai maiƙo mai wari. Alamar da uwa ce take fara ganewa ita ce, in ta sumbaci goshin yaron sai ta ji gishiri sosai a bakinta. Wata likita a New York, Dorothy Andersen, ita ta fara bayyana ciwon a 1938. Daga baya aka gane gumin yaran gishiri ya yi masa yawa, har aka mayar da auna gishirin gumi hanyar gwaji, a 1989 kuma aka gano ƙwayar gadon da take jawo shi.

A zamanin Andersen yawancin yaran ba su kai shekarun shiga makaranta. Abin da ya fara tsawaita ransu abubuwa ne masu sauƙi: bubbuga ƙirji da baya kullum don kaki ya fito, ƙwayar narkar da abinci a kowane ci, abinci mai maiƙo da ƙarin gishiri lokacin zafi, shaƙar tururin ruwan gishiri na asibiti, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri. A 1993 aka fito da Pulmozyme mai tsinka kaki. A 2012 aka samu Kalydeco, maganin farko da yake gyara ƙofar kanta. A watan Oktoba na 2019 kuma Amurka ta amince da Trikafta, ƙwaya mai haɗe da magani uku, biyu suna gyara ƙofar su kai ta mazauninta, na ukun yana riƙe ta a buɗe. Yau a ƙasashen da ake samunsa ana sa ran jaririn da aka haifa da ciwon zai wuce shekara 50, mata masu shi suna aure suna haihuwa.

Sai dai kuɗinsa a Amurka ya fi dala 300,000 a shekara ga mutum ɗaya. Kuma an yi shi ne don irin lahanin ƙofar da ya fi yawa cikin Turawa, 'yan Afirka da dama nasu lahanin dabam ne, ba lalle ya yi musu aiki ba. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta samu, wataƙila hakan ya taimaka kuɗin ya sauko. Kafin nan, uwar da ta ga waɗannan alamu, musamman in ta taɓa rasa yaro da irin wannan ciwo, ta kai ɗanta wurin likitan yara a asibitin koyarwa, ta faɗa masa maganar gishirin, ta tambaye shi gwajin gumi. Waɗancan dabaru masu sauƙi ana iya yinsu a nan, kuma suna ƙara kwana.

MAGANAR KUƊI

Ki duba ki gani, masu wancan ciwo sun yi shekara tamanin suna jiran magani, da ya zo kuma ya fi ƙarfin aljihu. Maganin asma kuwa yana nan a kemis ɗin unguwa. Gaskiya ne ya yi tsada. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK mai yin Ventolin ya ba da sanarwar daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, ga kuma faɗuwar darajar naira, sai kuɗin inhela ya ninka. Amma salbutamol da beclomethasone na waɗansu kamfanoni magani ɗaya ne, kuma sun fi araha. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Gwangwanin shuɗi ɗaya feshi 200 ne, yaron da yake shaƙar mai rigakafi kullum zai daɗe bai ƙarar da shi ba. Ki lissafa kuɗin mota da gado da allura na dare ɗaya a asibiti, sa'an nan ki gwada da kuɗin rigakafin wata guda. In kina adashi, ki ware wa wannan nasa kason tun kafin hunturu ya shigo.

Ku kuma 'yammata masu asma, ku sa inhela cikin jakar makaranta, ku gaya wa malamar ajinku da ƙawa ɗaya inda take. Ba abin kunya ba ne, kuma ba ta hana wasa. Feshi biyu minti goma sha biyar kafin guje-guje yakan hana ciwon tashi. Wata Ba'amurkiya, Jackie Joyner-Kersee, tana da asma amma ta ci lambar zinariya uku a wasannin Olamfik na 1988 da 1992. Ciwon ba ya hana karatu, ba ya hana aure, ba ya hana haihuwa.

In surukarki ko mahaifiyarki tana da shakka, kada ki yi gardama da ita. Ki lallashe ta ku tafi asibiti tare ran da za a koma, ta ji daga bakin likita, ta ga yadda numfashin jikarta yake sauka. Sau da yawa kakar da ta hana ita ce take komawa mai tuna wa kowa lokacin shaƙa ya yi. Yau dai kafin ki kwanta ki buɗe kwallar nan ki fito da inhelar, ki duba ranar lalacewarta, ki ajiye ta tare da gora da fitila kusa da shimfiɗar yaro.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.